Gidan Mutum Ɗaya

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san wurin, ko da bai taɓa sauka ba. In ka baro Dawanau ka wuce Bici da Tsanyawa, da ka shigo ƙasar Katsina ba za ka yi nisa ba sai ga shi a bakin titi, kafin ka kai Kankiya. A ƙaramar hukumar Kusada yake, maƙwabcin Yashe, wajen da hanyar Malumfashi da Funtuwa ke rabuwa da ta Katsina. Sunansa Gidan Mutum Ɗaya.

Idan yaron mota ya ɗaga murya ya ce, "Akwai mai sauka Gidan Mutum Ɗaya?" da wuya a rasa baƙon da zai leƙa ta taga yana neman gidan nan guda. Abin da zai gani shi ne rumfuna a jere, mai faci da tayoyinsa a jingine, teburin mai shayi, 'yan acaɓa a inuwa suna jiran fasinjan ƙauye, yara da farantan gyaɗa da dafaffen ƙwai, matan Fulani da ƙoren nono, ga masallaci, ga gidaje bayan gidaje. Sai a yi dariya, wani ya ce ai mutum ɗayan ya hayayyafa, mota ta wuce. Wannan raha ba ta ɓata mini rai, amma na daɗe ina ganin sunan nan ya fi ƙarfin raha.

Ni malamin gona ne. Na yi shekaru ina zagaya ƙauyukan wannan yanki a kan babur, ina duba gero da dawa da wake, ina fama da manoma kan lokacin zuba taki da yadda za a rage ƙuduji a gona. A bakin titin nan nake shan shayi in na fito da sassafe, a nan kuma nake faci in ƙaya ta huda mini taya. Ta haka na san cewa layin rumfunan da matafiyi ke gani fuska ce kawai. Garin yana baya, inda ake ɗaure shanun noma, ake shanya riɗi, ake jera rumbuna. Mai sayar maka da rake a titi, in ka dawo da damina, a gona za ka same shi da hauya.

Wani saurayi ɗan garin, yana karatu a Katsina, ya taɓa gaya mini cewa idan ana cike takarda aka zo kan garin haihuwa, Kusada yake rubutawa, saboda abokan karatu sun dame shi da tsokana. Abin ya taɓa ni. Na ce masa, "Ɗana, rubuta sunan garinku." Na tuna masa cewa a 2019, da majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da kashi na biyu na aikin mayar da hanyar Kano zuwa Katsina tagwaye, da sunan garinsu aka yi kwatance: daga Gidan Mutum Ɗaya zuwa kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, kimanin kilomita 78. Sunan da ya shiga takardun Abuja ba zai gagari takardar makaranta ba. Ya yi murmushi. Amma ko a lokacin na san wannan hujja ce ta lallashin yaro. Dalilin da ya sa nake ganin girman sunan daban yake.

Babu mai raɗa wa gidansa irin wannan suna. Mai gida zai ce gidana, maƙwabta su ce gidan wane. Sai wanda ke wucewa, wanda bai san mai gidan ba, shi zai ce "gidan mutum ɗayan nan". Suna ne na matafiya, na masu jakuna da fatake da direbobi, waɗanda ke bukatar alamar da za su yi kwatance da ita a hanya mai tsawo: mu haɗu a can, a can muka sha ruwa, a can dare ya yi mana. Yawancin sunayen garuruwanmu haka suka samu, daga abin da ido ya fara gani. Rimi da Baure da Mai'aduwa da Birnin Kuka itatuwa ne. Zangon Daura masaukin ayari ne. Karofi wurin rini ne. 'Yantumaki ba ya bukatar bayani. Dutsin-Ma, kamar yadda mutanen garin ke faɗa, dutse ne da wani maharbi mai suna Ma ya zauna a wajensa. Kowane suna yana riƙe da hoton wurin a ranar da aka fara ambatonsa.

To a ƙasar Kankiya, nan kusa, akwai Kafin Soli da Kafin Dangi. Kafi shinge ne na gumagumai da ƙaya da ake kewaye gari da shi, garin da bai kai ya yi ganuwar ƙasa ba. Ba don ado ake yinsa ba. Garin da aka kira Kafin wane, mutanensa sun taru ne saboda tsoro, sun kwana a bayan shinge suna sauraron ƙarar kofato. Ka ɗauki wannan suna ka ajiye shi kusa da Gidan Mutum Ɗaya, za ka ga zamani biyu ne mabambanta suke maƙwabtaka.

Wanda ya san tarihin Katsina ya san dalilin kafi. A 1807 Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin, tsohon gidan sarauta ya yi arewa har ya kafu a Maraɗi, daga nan kuma kusan ƙarnin gaba ɗaya ya ƙare ana kai hari ana ramawa. Sunan Ɗan Baskore, Sarkin Maraɗi, har yau bai fita daga bakin tsofaffi ba. A wancan zamani manomi ba ya nisa da ganuwa. Ya fita da safe, ya dawo kafin magariba, a rufe ƙofa. Wanda ya ce zai ɗauki iyalinsa ya je ya kafa bukka shi kaɗai a tsakiyar daji, a bakin hanyar da mahara ke bi, ya miƙa kansa da 'ya'yansa ga bauta ke nan. A 1903 Turawa suka shigo Katsina. Ban ce zuwansu alheri ba ne, don sun zo da nasu nauyin, haraji na kuɗi da aikin tilas. Amma hare-haren sun tsaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kowa na neman ƙarin gona, ga daji kwance babu mai shi. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da bayansa, mutane suka riƙa fita daga cikin ganuwa suna bin ƙasa mai kyau. Duba yawan Gidan wane da Unguwar wane da Sabon Gari da Tudun Wada da ke warwatse a karkararmu. Sunaye ne na mutanen da suka daina waiwaye.

Ina so mai karatu ya tsaya ya auna abin da fita irin wannan take nufi, don a baki tana da sauƙi. Yaro ya tashi a gandun ubansa, yana noma tare da 'yan'uwa, an yanka masa 'yar gayauna yana taɓawa da yamma. Uba ya rasu, aka raba gado, gonar da ta ciyar da gida guda ta zama ƙanana biyar, ba wadda za ta kai mai ita baɗi. Sai ɗaya ya ce shi kam zai nema gaba. Ya sayi goro ya je gaban magaji, wato dagacinmu na nan, ya faɗi ya yi gaisuwa ya roƙi daji. A haɗa shi da wakili su je a nuna masa iyaka: daga kukar nan zuwa markencan, daga nan zuwa bakin kwari. Da rani zai shiga da gatari. Ya sare geza da sabara ya tara ya ƙone, ya bar gawo da ɗorawa da tsamiya da kanya, don manomin da ya san ƙasa ba ya sare gawo: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, kuma gero a gindinsa ya fi na ko'ina kyau. Ya kafa bukka, ya ja darni na kara. Sannan babban aikin, rijiya. In babu ruwa babu zama, don haka sai ya haƙa, gaba bayan gaba, wani na sama yana jan ƙasa da guga, har ranar da laka mai sanyi ta fito.

Kuma a nan ne nake ganin an rage wa wata haƙƙinta. An ce mutum ɗaya, amma babu gidan da ke tsayuwa da namiji kaɗai. Akwai matar da ta yarda ta bi shi. Ita ce ta bar cikin gari inda in wuta ta mutu za ta aika yaro maƙwabta ya ɗebo garwashi, inda ake sussuka da daka tare ana waƙa, inda in naƙuda ta tashi da dare ungozoma tana bayan katanga. Ta koma inda babu wadda za ta ce wa "ina kwana" sai mijinta. Ita ke jan ruwa, ita ke tsare awaki daga kura, ita ke dama fura a miƙa wa baƙon da rana ta ƙona. In har matafiya sun riƙe wani gida a zuciya har suka mai da shi alama, to an ba su ruwa a gidan, kuma mun san hannun da ya miƙo ƙwaryar. Duk sanda na ji ana labarin wanda ya sari wani gari, nakan tambayi sunan matarsa. Da wuya a samu mai amsawa.

Rijiyar ce ke kiran na biyu. Wani ya zo ya ga ruwa, ya ga hatsi ya yi kyau, ya roƙi a ba shi gefe. Mai gida kuwa murna yake, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba karin magana kaɗai ba ce a wajensa: jinkar ɗakinsa tana ƙasa a ɗaure tana jiran mazan da za su ɗora ta. In sun kai gida huɗu ko biyar sai a samu gayya, a samu jam'in salla. Malami ya zo da almajiransa, maƙeri ya zo don akwai garma da hauya, mahauci ya fara yanka ranar da aka samu taro. Bafulatani ya sauka a sauran gona bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar taki. Wata rana sai a naɗa mai unguwa. Sunan farko kuwa ya riga ya zauna, ba mai iya tayar da shi.

Akwai wani dattijo a wata unguwa da ke can ciki, nesa da kwalta, da nake sauka wajensa in na je duba gonakin gwaji. Mahaifinsa ne ya sari wurin, shi yana yaro ƙarami aka ɗauko shi a kan jaki. Wata rana muna zaune a gindin darbejiya yana gyaran igiya na ce, "Baba, ba ku ji tsoro ba, ku kaɗai a dajin nan?"

Ya ce, "Malam, tsoron mi? Abin da muke tsoro ukku ne: kura, da yunwa, da ranar biyan haraji. Mutum kam ba mu tsoron shi. In ka hangi mutum tafe da dare, murna za ka yi, ka samu wanda za ku yi hira."

Harajin nan da jangali sai a 1979 aka soke su, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar jihar Kaduna, zamanin Gwamna Balarabe Musa. Kura ta ƙare tare da dajin. Yunwa tana zuwa tana tafiya. Abu na huɗun da dattijon nan bai lissafa ba, wato tsoron mutum, shi ne yau ya hana mu barci.

Wanda ke zaune a jihar nan ba ya bukatar in ba shi labarin hare-haren 'yan bindiga a Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, garuruwan da ke jingine da dajin Rugu da dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara. Duniya ta ji lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara a Disambar 2020. An ji lokacin da aka rufe wasu kasuwannin dabbobi aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama a 2021. Daga baya abin ya matso har Matazu da Musawa. Abin da ba ya shiga labarai shi ne mutuwar ƙananan unguwanni. Gida biyar, gida takwas, gida goma sha biyu, ba ofishin 'yan sanda, ba hanyar mota. Su ne na farkon tashi. Ba a sanar da ranar da suka tashi, sai dai ka je ka tarar da darni ya faɗi, rumbu a buɗe, turmi a kife a tsakar gida. Mutanen sun koma cikin Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina, suna kwana a kangaye da shaguna. Tafiyar da kakanni suka yi daga ganuwa zuwa daji, jikoki suna yin ta a juye. Har ma an koma haƙa rami a kewaye wasu ƙauyuka don hana babura shiga, wato kafi ya dawo da sabuwar kama.

Ni da idon malamin gona nake kallon abin, kuma abin da nake gani yana tayar mini da hankali. Gonakin nesa, waɗanda su ne manya, su ne aka fara bari. Kowa ya dawo yana matse a 'yan filayen da ke bakin gari, ƙasar da ta riga ta gaji. An kore shanun noma, don haka wanda yake huɗar kadada uku da garma ya koma hauya. Da shanun suka tafi, takin gargajiya ya tafi, ga na zamani ya yi tsada. Na ga manoman da suka daina shuka dawa kusa da gida don kada tsawonta ya zama maɓoya, suka koma wake da gyaɗa da waken suya. Na ga masu kwashe amfani tun bai gama bushewa ba su kai gari, don rumbu a ƙauye yanzu kiran ɓarawo ne. Kuma zumuncin manomi da makiyayi, wanda aka gina a kan kara da taki da fura da nono, ya yi raunin da gyaransa zai ɗauki lokaci. Duk wannan yana ƙarewa a farashin tiyar gero da uwar gida ke saya a cikin birni.

Shi ya sa in na ji ana dariyar sunan garin nan nakan yi shiru. A kunnena shaida ce cewa an taɓa yin lokaci a ƙasar nan da talaka, ba bindiga ba dogari, zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa da awakinsa ya zauna a bakin babbar hanya, kowa na ganinsa, kowa ya san shi kaɗai ne, har ana kwatance da kaɗaicinsa, kuma ya kwana lafiya ya tashi lafiya har gidansa ya zama gari. Tarihin sarakuna yana rubuce, muna da Gobarau da Kusugu da Durɓi ta Kusheyi muna kai baƙi. Talakan da ya sari daji ba shi da hasumiya. Sunan wurin ne kaɗai abin da ya rage masa, shi ya sa ba na son a taɓa irin waɗannan sunaye ko a ji kunyarsu. Da malaman firamare na karkara za su riƙa tura yara wajen kakanninsu su tambayo wa ya fara zama, daga ina ya zo, wa ya haƙa rijiyar farko, a rubuta a littafi a ajiye a makaranta, da an tsirar da abu mai yawa kafin masu sanin su ƙare.

A unguwarmu a Katsina akwai wani magidanci da ke kawo mana ruwa a kura. Daga yammacin Batsari ya taso. Unguwarsu sunan kakansa take amsawa, shi ya sare ta, kuma yau ba kowa a cikinta. Mutum ne da yake ɗaure dami fiye da ɗari a shekara mai kyau, yana da shanun noma biyu da amalanke. Yanzu yana zaune da iyalinsa a wani gini da ba a gama ba, mai shi ya ba su aro. Da ya ji aikina, sai ya riƙa tsayawa in ya sauke jarkoki muna taɓa hirar gona. Ba ya yawan maganar daren da suka tashi, ni ma ba na tambaya. Maganarsa kullum a kan ƙasar take, jigawa ce ta gefen gabas, ta yamma kuma tana riƙe ruwa, har rogo yake sawa.

Wata rana ya ce, "Malam, rijiya in an bar ta ba a yasa, shekara nawa take yi?"

Na ce, "In an ɗaure ta da siminti za ta jira ka, sai dai a yashe ta a kwashe ruwan farko. In ta ƙasa ce da itace a baki, damina biyu ko uku ta isa ta fara zubewa."

Ya ce, "Ta kakana ce. Ba siminti."

Bana mun samar masa hayar wata 'yar gona a wajen Batagarawa, kusa da kwalta, inda zai iya zuwa da safe ya dawo ya ci gaba da turin ruwa da yamma. Ba ta kai rabin kadada ba, kuma sai da aka biya kuɗin hayar tun kafin ruwa ya sauka, don masu neman irinta sun yi yawa. Ƙasar ta gaji, ga ƙuduji, don haka na ba shi shawara ya bar gero bana ya sa wake mai saurin nuna, baɗi a juya. Na samo masa iri. Babban ɗansa yana taya shi, ƙananan kuma yana kai su ranar da babu makaranta don su saba da hauya. Waken ya fara fure, ranar Asabar za mu je feshin farko.